Idan Samaniya Faɗaɗa Take Yi, To Cikin Me Take Faɗaɗa?

"Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a jami'a, ba kimiyya nake karanta ba amma abin yana bani sha'awa. Naji ana cewa wai sararin samaniya kullum faɗaɗa yake yi, kuma wai shekarunsa biliyan 13.8. To Malam cikin me yake faɗaɗa, ai dole sai da wani fili a waje ko? Kuma ya akai suka san shekarun tunda babu wanda yake nan a lokacin? Na tambayi AI ɗin wayata yace in ɗauka kamar balan-balan ne ake hurawa, ni kuma naga ai balan-balan a cikin ɗaki yake kumbura. Sannan wannan maganar bata saɓa wa addini ba? Dan Allah a warware min."

Wa alaikumus salam ƙanwata, madalla da tambaya. Ni malamin fiziks ne, aikina aji da allo, kuma duk sanda na kawo maganar samaniya sai an samu wani ya ɗaga hannu ya yi wannan tambayar ta "cikin me", yawanci ma daga kujerun baya. Abu biyu manya kika haɗa, yadda aka san shekarun da kuma abin da ke waje. Zan fara da shekarun don su akwai awo a bayansu wanda za ki iya bi da kanki, in kin ga takamaimai me aka auna, ɗayar ba za ta miki wuya ba. Batun balan-balan kuma gaskiyarki, kin kama misalin daidai inda ya fi rauni. Su waɗannan manhajojin abin da suka fi cin karo da shi a rubuce shi suke maido miki, misalin balan-balan kuwa ya cika littattafai.

Nisa tukuna

Komai ya rataya ne akan abu ɗaya, haske ba nan take yake isowa ba, tafiya yake yi, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Na rana sai ya yi minti 8 da ɗoriya a hanya. Taurarin nan da muke ce wa kaza da 'ya'yanta, hasken da kike gani daga gare su ya baro can sama da shekara 400 da suka wuce. In kika samu wajen da babu fitilun lantarki a watan Nuwamba bayan isha'i, kuma ƙurar hunturu bata taso ba, akwai wani ɗan dishi-dishi can sama ta wajen arewa, shine galaksin Andromeda, wato wani tarin taurari daban da namu, shi haskensa shekara miliyan 2.5 ya yi yana tahowa. Kinga kenan maganar "babu wanda yake nan a lokacin" ta ɗan yi sauƙi. Mu dai bama nan, amma hasken yana nan, kuma yanzu yake isowa, duk wanda ya hango nesa abin da ya riga ya wuce yake kallo.

To ya ake sanin nisan? Na kusa da mu lissafin kusurwa ne irin na sakandare. Duniya tana zagaya rana, sai a duba inda tauraro yake a Janairu, a sake dubawa a Yuli sanda muka koma ɗaya ɓangaren, za a ga ya ɗan gusa in an gwada shi da na bayansa, daga girman gusawar ake fitar da nisa. Wani Bajamushe Friedrich Bessel ya yi wannan awon a 1838. Amma in abu ya yi nisa sosai gusawar bata ganuwa, a nan ne aikin wata mata ya shigo, Henrietta Leavitt, wadda take aikin duba hotunan taurari a Harvard ta Amurka. Akwai wasu taurari da haskensu yake ƙaruwa ya ragu, ya ƙaru ya ragu, bisa lokaci tsayayye, wasu kwana uku wasu wata guda. A 1912 ta nuna cewa wanda ya fi jinkirin kammala zagayen shi ya fi haske a haƙiƙa. Wannan ba ƙaramin abu bane, don in kin ƙirga kwanakin kin san ainihin ƙarfin haskensa, in kin gwada da yadda ya dushe kafin ya iso ki sai nisan ya fito, tunda haske in nisa ya ninka biyu ƙarfinsa kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Da irin waɗannan taurarin Edwin Hubble ya nuna, tsakanin 1923 da 1924, cewa Andromeda ba a cikin galaksinmu yake ba sam.

Saura gudu. In aka wuce da hasken tauraro ta cikin gilashin da ke rarraba shi zuwa launukan bakan gizo, ana ganin wasu siraran layuka baƙaƙe, kowane sinadari da nasa wurin, haidurojin da nasa, kalsiyam da nasa, kuma mun san wuraren daga ɗakin gwaji a nan ƙasa. In abin yana nisantar mu layukan gaba ɗaya sai su gusa zuwa ɓangaren ja, in yana kusantowa su gusa zuwa shuɗi. Vesto Slipher a jihar Arizona ya fara auna wannan wa galaksi-galaksi tun 1912, ya tarar mafi yawansu wajen ja suka karkata. Da Hubble ya haɗa gudu da nisa a 1929 sai ga wani tsari, wanda ya ninka wani nisa ya ninka shi gudu. Ko da yake in za a yi adalci, Georges Lemaître, wani limamin cocin Katolika ɗan Beljiyam, ya riga shi fitar da wannan a 1927 daga lissafin Einstein, sai dai da Faransanci ya rubuta a mujallar da ba kowa ke karantawa ba, shi ma kuma wani Barashe Alexander Friedmann ya riga shi nuna cewa lissafin ya yarda da faɗaɗa tun 1922.

Ɗauko kalkuletar wayarki

Awon yau yana cewa galaksin da ke nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26 yana nisantar mu da kusan kilomita 70 a daƙiƙa. Tambayar ita ce, da wannan gudun shekara nawa zai ɗauka kafin ya kai inda yake yanzu? Haske ya fi shi gudu sau 300,000 a raba da 70, wato wajen sau 4,290. Haske ya yi tafiyar a shekara miliyan 3.26, shi kuma sai ya yi ninkin haka sau 4,290. Buga ki gani, kusan biliyan 14 zai baki. Ki ɗauki wanda ya ninka shi nisa, gudunsa ma ninki ne, amsa ɗaya za ki samu. Ma'ana duk inda kika duba lissafin yana komawa lokaci guda da komai yake cunkushe. Wannan lissafin na gaggawa ne, don ya ɗauka gudun bai taɓa canzawa ba alhali ya canza, da farko yana raguwa daga baya ya koma ƙaruwa, sai aka yi dace biyun suka kusa cinye juna, in an yi shi da kyau 13.8 ake samu.

Abin da yasa na yarda da lambar shine an taɓa kama ta da kuskure kuma aka gyara a bainar jama'a. Shi Hubble 500 ya samu a inda muke cewa 70, wanda ya bada shekara biliyan 2 kacal, masu nazarin duwatsu kuwa suna da hujjar cewa ƙasar nan da muke takawa ta fi haka tsufa, kinga ɗa ya girmi ubansa kenan. Sai a farkon shekarun 1950 Walter Baade ya gano ashe taurarin nan masu ƙyaftawa iri biyu ne an cakuɗa su, nisan ya ninka, wasu gyare-gyaren suka biyo baya. Yau shekarun duniyarmu biliyan 4.5 ne bisa awon yadda yuraniyam ke rikiɗa ya zama dalma a cikin duwatsu da ɓaraguzan da ke faɗowa daga sama. Tsofaffin taurari kuma, waɗanda ake lissafa shekarunsu daga yadda suke ƙone haidurojin ɗinsu, suna tsayawa ne wajen biliyan 12 zuwa 13. Masu wannan awon basu buƙatar lambar Hubble, da za su iya samun biliyan 50 su rushe komai, amma ba su samu ba.

Babbar shaidar kuwa ta zo ne ba a neme ta ba. In da can komai a cunkushe yake to da zafi, zafin da ko ƙwayar zarra bata iya haɗuwa, haske kuma baya iya ratsawa. Sai bayan shekara kusan 380,000 da zafin ya sauko wajen digiri 3,000 sannan haske ya samu hanya, kuma ya kamata a ce wannan hasken yana nan har yau ta kowace fuska, sai dai faɗaɗar ta ja shi ta miƙar har ya fita daga abin da ido ke gani. Ralph Alpher da Robert Herman sun yi hasashen haka a 1948, ba a kula su ba. A 1964 wasu mutum biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata babbar eriya a New Jersey, wata 'yar ƙara ta hana su sakat, duk inda suka juya eriyar tana nan dare da rana. Har tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kora suka wanke kashinsu, ƙarar tana nan. Ashe hasken nan ne. Sun ci kyautar Nobel a 1978. Tauraron ɗan adam na COBE ya auna zafinsa ya samu digiri 2.7 sama da ƙarshen sanyi, kuma sifarsa ta hau kan abin da lissafi ya ce kamar an zana. Daga baya wasu taurarin ɗan adam biyu, WMAP da Planck, suka zana taswirar 'yan bambance-bambancen da ke cikinsa, kashi ɗaya cikin 100,000, daga girman tabban nan ne aka fitar da 13.8 ɗin da kika ji. Akwai ma shaida ta huɗu, lissafi ya ce a mintunan farko wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin abin da ke akwai zai zama hiliyam sauran haidurojin, in aka auna tsohuwar iskar gas da taurari basu gurɓata ba haka ake tararwa.

To cikin me?

Hoton da ke kan yawancin mutane shine na bam, abu ya fashe a wani wuri ɓaraguzai suka watsu cikin fili. In haka ne da akwai tsakiya, da akwai baki, kuma da tambayarki ta zama dole. Amma ki koma kan abin da aka auna ɗin. Babu wanda ya auna wani baki yana matsawa gaba. Abin da aka auna shine tazarar da ke tsakanin galaksi da galaksi tana ƙaruwa, a ko'ina, daidai wa daida.

A aji robar ɗinki nake zuwa da ita, irin wadda tela ke sa wa a ƙugun wando. In sa ɗigo da biro duk bayan inci ɗaya, in ba ɗalibai biyu su ja har ta ninka. Sai in ce wa wani ka zaɓi ɗigo ɗaya ka ce nan ne gidanku. Maƙwabcin ɗigon da yake inci ɗaya ya koma biyu, ya matsa inci ɗaya kenan, na ukun da yake inci uku ya koma shida, ya matsa uku a cikin lokaci guda, wato wanda ya fi nisa ya fi gudu, dokar Hubble ce sak. Sai in ce wani ya zaɓi wani ɗigon daban, shi ma abin da zai gani kenan, kowa gudunsa ake yi, kowa gani yake shine a tsakiya. Kuma babu ɗigon da ya yi tafiya akan robar, tsakaninsu ne ya ƙaru. A nan ne mai wayo a cikinsu yake cewa Malam ai robar tana da ƙarshe kuma a cikin aji muke ja, irin abin da kika faɗa. Sai in ce to ka ɗauka robar bata da ƙarshe, dama da hagu har abada. An ja ta kowane inci ya zama biyu. Wane wuri ta shiga wanda da bata ciki? Babu, da ma ta cika layin, yanzu ma ta cika shi, amma tazarar kowane ɗigo biyu ta ninka. Ajin yakan yi tsit a nan, wasu su yarda wasu su tafi suna ƙunƙuni, ni kuma bana matsa musu don ƙwaƙwalwar mutum bata saba da abin da bashi da ƙarshe ba, tawa ma lissafin take bi.

Hanyoyi biyu ne a gaban masana. Ko dai samaniya bata da iyaka, to amsar ita ce wadda na baki. Ko kuma tana da iyakar girma amma bata da baki, ta lanƙwaso ta haɗe da kanta yadda in kika miƙe kika yi ta tafiya za ki dawo inda kika taso. Ana iya gwada wannan, don a lanƙwasasshen sarari kusurwoyin alwatika basa haɗuwa su bada digiri 180, kuma tabban tsohon hasken nan sun bamu alwatika mafi girma da za a iya samu. Awon ya nuna a miƙe yake, in ma akwai lanƙwasa bata kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan bai yanke hukunci ba, zai yiwu tana da iyaka amma girmanta ya wuce abin da muke hangowa nesa ba kusa ba. Ko wacce ce a ciki, lissafin Einstein na 1915 da ake aiki da shi yana bayanin tazara ne daga ciki, babu inda yake neman wani waje kafin ya yi aiki. Masu cewa akwai wasu samaniyoyin a waje suna da lissafinsu, wasu ma manyan masana ne, amma babu awo ko ɗaya da ya taɓa nuna su, ni a wajena hasashe ne har yanzu kuma haka nake gaya wa ɗalibai.

Akwai iyaka ɗaya ta gaske, iyakar gani. Haske shekara biliyan 13.8 kawai ya samu na tafiya, wuraren da suka aiko mana mafi tsufan haske yanzu suna nisan kusan shekarar haske biliyan 46 saboda tazarar ta yi ta ƙaruwa yana hanya. Wannan ba bango bane, wanda yake can shi ma nasa da'irar yake gani da shi a tsakiya. Kuma kar ki ɗauka komai ne ke faɗaɗa, tsakanin Kano da Zariya bai ƙaru ba, tsakaninmu da rana ma faɗaɗar bata taɓa shi, duk abin da ƙarfin jan juna ya riga ya ɗaure ya fita daga wannan lissafin. Andromeda ma kusanto mu yake yi da wajen kilomita 110 a daƙiƙa.

Maganar addini

Ni ba malamin tafsiri bane, ba zan shiga gonar da ba tawa ba. Na san ana yawan kawo aya ta 47 a Suratuz Zariyat in ana wannan maganar, fassararta wajen malamai za ki nema. Abin da zan iya faɗa miki daga ɓangarena shine fiziks bayanin yadda abu ya gudana yake yi daga wani hali zuwa wani, bashi da na'urar da za ta auna wa ya yi ko don me aka yi, duk wanda ya ce miki lissafin nan ya kore Mahalicci ya ɗora masa kayan da bai ɗauka ba. Haka kuma ina ɗari-ɗari da masu ɗaure aya da wata lamba ta kimiyya, don lamba tana canzawa, kin dai ga yadda biliyan 2 ta koma 13.8. Shi kansa Lemaître da yake limamin coci ne, da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna binciken ya tabbatar da halitta, bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su.

Inda awon ya tsaya

Abin da ake kira Big Bang bayani ne na yadda samaniya ta taso daga zafi da cunkoso zuwa yau, ainihin farkon kansa baya ciki. In kika matsa da lissafin Einstein har zuwa sifili sai ya baki zafi da nauyi marasa iyaka, wanda a fiziks alama ce ta lissafin ya ƙare. A wannan halin ana buƙatar a haɗa shi da ka'idar kwantom mai bayanin ƙananan abubuwa, su biyun kuwa kusan shekara ɗari ana fama sun ƙi haɗuwa. Saboda haka 13.8 ɗin ƙirge ne daga wancan halin na zafi, me ya gabace shi, ko ma akwai "kafin" ɗin, kimiyya bata da amsa a yau.

Sannan a 1998 ƙungiyoyi biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter ɗaya ta su Brian Schmidt da Adam Riess, suka auna taurari masu fashewa a nesa suna neman yadda faɗaɗar ke raguwa, sai suka tarar ƙaruwa take yi. Abin da ke tura ta an sa masa suna ɓoyayyen makamashi, shine wajen kashi 68 cikin ɗari na duk abin da ke akwai, wani kashi 27 kuma ɓoyayyen abu ne da ake ganin jansa akan taurari amma ba a taɓa kama ƙwayarsa a ɗakin gwaji ba. Mu da duwatsu da taurari duka kashi 5 ne. Wasu ɗaliban in sun ji haka sai su ce to ashe ma ba a san komai ba, ni kuma in ce a'a, an san yawansu da yadda suke aiki, ko menene su ne ba a gano ba.

Ita kanta 70 ɗin da na baki na zagaye ta ne don rigima ake akanta yanzu haka. Masu bi ta tsohon haske suna samun kusan 67, masu bi ta hanyar Leavitt da taurari masu fashewa suna samun kusan 73, kowa kuma ya ce kuskuren awonsa bai kai ya rufe tazarar ba. An yi zaton madubin hangen nesa na James Webb da aka harba sama ranar 25 ga Disamba 2021 zai raba gardamar, ya sake duba taurarin nan masu ƙyaftawa da ido mafi kaifi, ƙungiyar Riess ta ce lambarta na nan, ƙungiyar Wendy Freedman da ke amfani da wasu irin taurarin ta samu wajen 70. Ni na fi karkata ga cewa akwai ɗan kuskuren awo da ba a gano ba tukuna, don tarihin wannan lambar cike yake da irin haka, amma akwai waɗanda suka fi ni sanin fannin da ke ganin sabon abu ne ya leƙo. In 73 ce ta tabbata shekarun za su iya sauka da kamar biliyan ɗaya, iyakar abin da rigimar za ta iya yi wa lambar kenan, tsofaffin taurarin nan ba za su bari ta sauka ƙasa da haka sosai ba.